Tsoron "Me Za A Ce?" Da Burin Matasan Bukan Sidi

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, matasan Bukan Sidi, unguwar da ke kan hanyar Jos a garin Lafiya, sukan rabu gida biyu. Wasu na yawo da waya suna nuna makinsu, wasu kuwa sun shige ɗaka, ko majalisar mai shayi ba sa leƙawa. Sau da yawa ba faɗuwar ce ta fi ci musu rai ba, maganar mutane ce. Daga nan sai yaro ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya jingine karatun gaba ɗaya.

Ga shi kuwa makarantun na nan kusa da gida. Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, tana cikin garin, haka ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai. Jami'ar jihar tana Keffi.

Mutanen Lafiya ba sa buƙatar zuwa nesa neman misali. Umaru Tanko Al-Makura ya sha bayyana cewa zazzaɓin Lassa ne ya taɓa masa ji, larurar da za ta sa wani ya guji shiga taro. Duk da haka a 2011 ya tsaya takara a jam'iyyar CPC, wadda sabuwa ce a lokacin, ya kayar da gwamna mai ci, Aliyu Akwe Doma, ya mulki Nasarawa shekara 8, ya kuma gina makaranta ta musamman a Lafiya domin yara masu nakasa. Shi ma jagoran jam'iyyar, Muhammadu Buhari, ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya yi nasara a 2015.

Abin da ke rage tsoro shi ne burin da aka sa wa lamba da lokaci. "Ina son in yi karatu" fata ne kawai. Amma wanda ya ce makinsa 160 ne cikin 400, kuma baɗi 220 yake nema, ya san darussan da suka kayar da shi, ya san sa'o'in da zai ware kullum bayan sallar Asuba. Wanda Turanci ko Lissafi ya hana shi cika kiredit 5, yana iya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Akwai kuma IJMB, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye.

Haka lamarin yake a kasuwa. Nasarawa ƙasar doya ce da riɗi da agushi. Matashiyar da ta shiga adashe, ta sari buhu ɗaya da kaka ta ajiye zuwa bazara, ko da farashi ya karye, asarar da za ta iya ɗauka ce, kuma ta koyi ciniki. Wanda ya ci bashi ya cika sito a karon farko, shi ne faɗuwa ɗaya ke durƙusarwa.

Iyaye ma da nasu rabon. Yaron da aka yi wa gori a gaban ƙannensa, da wuya ya sake neman kuɗin fom. Idan sakamako bai yi kyau ba, a zauna da shi a duba darasin da ya gaza, a sa ranar fara bita, a soma tara kuɗin rajista tun yanzu.