Tubalan Shafin Intanet: Ginin da Makaho Zai Shiga Ba Ɗan Jagora

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake ginin soro a Kwandiko ko Gwaram ya san cewa magini ba ya ɗora tubali da ka. Akwai tubalin da yake harsashi, akwai wanda yake ɗaukar azara, akwai kuma gurbin da ake bari domin ƙofa. Idan aka sa ƙofa a inda ƙafa ba ta kaiwa, to ginin ya tashi a banza, komai kyan zanensa. Irin wannan tsari ne ake bi a yau wajen gina shafukan intanet, har ma masu sana'ar sun ari kalmar magina, suna kiran kowane yanki na shafi da sunan tubali.

A da, wanda zai gina shafi sai ya koyi harshen da kwamfuta take fahimta, wato HTML, ya riƙa rubuta alamomi ɗaya bayan ɗaya. Manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a shekarar 2003, ta rage wannan wahala, kuma a yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. A watan Disamba na 2018 ta fito da sabon tsarin rubutu mai suna Gutenberg, sunan Bajamushen nan da ya ƙago injin ɗab'i. A wannan tsari, sakin layi tubali ne, hoto tubali ne, haka kan magana da jadawali da bidiyo. Mutum yana zaɓen tubalin da yake so, ya ajiye shi a inda ya ga dama. Saboda haka malamin sakandare a Birnin Kudu yana iya gina wa makarantarsa shafi cikin yini guda ba tare da ya san HTML ba. Sauƙin yana da haɗarinsa, domin wanda bai san abin da ke ƙarƙashin tubali ba yana iya toshe wa wasu hanya alhali bai sani ba.

Su wa ake toshe wa hanya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. A Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen haddasa hakan, sai hawan jinin ido. Arewa ta fi Kudu yawan masu wannan larura. Ga kurame, ga waɗanda hannunsu ke rawa ko ya shanye, ga dattawan da ganinsu ya raunana. A Jihar Jigawa gwamnati ta fara biyan masu nakasa alawus na Naira 7,000 a wata a 2007, sannan a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta haramta nuna musu bambanci. Sai dai idan ana maganar hakkinsu, hankalin jama'a yakan tafi ga matakalar asibiti da ƙofar ofis. Ba kasafai ake tuna cewa rajistar jarrabawar JAMB da duba sakamako da neman gurbin karatu duk sun koma intanet ba, kuma can ma akwai matakalar da ba kowa ke iya hawa ba.

Yadda makaho yake karanta shafi

Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. A kwamfuta akwai JAWS, akwai kuma NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka gina, ake kuma raba ta kyauta tun 2006. A wayoyin Android akwai TalkBack, a iPhone akwai VoiceOver. Wannan manhaja ita ce ɗan jagora, amma jagora ne wanda shi ma ba ya gani. Ba ta dogara da launi ko girman harafi. Abin da take bi shi ne alamomin HTML da ke ɓoye a bayan shafi, waɗanda suke gaya mata cewa wannan kan magana ne, wancan jeri ne mai abu biyar, na gaba kuma mahaɗi ne zuwa wani shafi.

A nan ne muhimmancin zaɓen tubali yake bayyana. A ɗauka malami yana son ya rubuta "Sharuɗɗan Shiga Makaranta" a matsayin kan magana. Yana iya ɗaukar tubalin sakin layi, ya ƙara wa rubutun girma da kauri. Yana kuma iya ɗaukar tubalin kan magana. Ga mai ido, duka biyun ɗaya ne. Ga manhajar karatu kuwa, na farko sakin layi ne kamar kowane, na biyu ne kaɗai ta sani a matsayin kan magana. Makafin da suka ƙware ba sa sauraron shafi daga farko zuwa ƙarshe, kamar yadda mai ido ba ya karanta jarida harafi-harafi. Suna umartar manhajar ta yi tsalle daga wannan kan magana zuwa wancan har su isa inda suke nema. Shafin da ba shi da kanun magana na gaskiya tamkar kasuwar da ba ta da layuka ne, dole mai neman gishiri ya bi kowace rumfa. Kanun suna da matakai shida: na ɗaya na sunan shafi ne, na biyu na manyan sassa, na uku na rassan da ke ƙarƙashinsu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen mataki na huɗu don kawai girman harafinsa ya fi burge ido.

Hoton Dutsen Habude

Tubalin hoto yana da wani ɗan gurbi a gefe inda ake rubuta bayanin da zai maye gurbin hoton. Mutane da yawa suna tsallake shi. Idan aka bar shi fayau, wata manhajar takan wuce hoton shiru, wata kuma takan karanto sunan da kyamara ta ba shi, harafi da lamba marasa ma'ana.

Rubuta wannan bayani fasaha ce, kuma a nan malamin Hausa ya fi malamin kwamfuta abin cewa. A ɗauki misalin ɗaliban da suka kai ziyara duwatsun Birnin Kudu, inda ake da tsofaffin zane-zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, suka ɗauko hoto domin shafin makarantarsu. Idan aka rubuta "hoto", ba a ce komai ba, domin manhajar da kanta tana sanar da cewa hoto ne. Idan aka rubuta "dutse", an yi rowar bayani. Amma idan aka ce "tsohon zanen saniya mai dogayen ƙahoni marar tozo a jikin Dutsen Habude", to ɗalibin da ba ya gani ya sami ainihin abin da darasin tarihi yake so ya lura da shi, wato cewa shanun da aka zana ba irin masu tozon da Fulani ke kiwo a yau ba ne. Da a ce shafin na labarin ziyarar ne kurum, sai bayanin ya koma kan ɗaliban da ke tsaye gaban dutsen. Ma'aunin shi ne abin da mutum zai faɗa wa abokinsa ta waya idan yana karanta masa shafin ya iso kan hoton. Hoton da aka sa don ado kawai, kamar zanen fure a gefe, shi ne ake barin gurbinsa ba komai da gangan, don kada a cika wa mai sauraro kunne.

Akwai wata ɗabi'a da ta yi katutu a ƙasar nan: a buga sanarwa a takarda, a sa mata hatimi, a ɗauke ta hoto, a liƙa a shafi. Jadawalin jarrabawa da jerin sunayen waɗanda aka ɗauka sau da yawa haka suke fitowa. A wurin manhajar karatu wannan hoto ne kawai, ba rubutu ba. Ko da yake wasu manhajojin yanzu suna ƙoƙarin tsinto haruffa daga cikin hoto, sukan yi tuntuɓe idan takardar ta karkace ko hatimi ya hau kan rubutu. Maganin abin bai wuce a sake rubuta sanarwar a tubalin sakin layi, jadawalin kuma a tubalin jadawali tare da nuna layin da yake ɗauke da sunayen ginshiƙai ba. Wannan ba makafi kaɗai yake amfana ba. Mai duba shafi a ƙauyen da sabis ke da rauni yakan ga rubutu ya buɗe nan take, hoto kuwa ya tsaya yana cin kuɗin data.

Launi da lissafinsa

Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce ke fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG. Na farko ya fito a 1999, na baya-bayan nan a jerin, wato 2.2, a 2023. Cikinsu akwai ma'aunin bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da yake kai. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, wanda shi ne mafi girma. Ƙa'ida ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Ruwan ɗorawa mai haske a kan fari da ƙyar yake wuce 1 bisa 1, shi ya sa ko mai lafiyar ido ba ya iya karanta shi, balle a tsakar rana lokacin bazara da hasken rana ke dukan fuskar waya. Gutenberg yakan yi gargaɗi idan aka haɗa launukan da ba su dace ba, amma ba ya hana mutum yin gaban kansa. Cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda take gwada manyan shafuka miliyan ɗaya duk shekara tun 2019, kullum tana samun kurakurai a fiye da kashi 90 cikin 100, kuma raunin bambancin launi ne ke zuwa na ɗaya.

Haka nan ba a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo. Idan aka nuna waɗanda suka ci jarrabawa da kore, waɗanda suka faɗi da ja, ba tare da kalma ba, an bar masu larurar rarrabe ja da kore a duhu, kuma wannan larura ta fi yawa a cikin maza. Mahaɗi kuma ya faɗi inda zai kai mutum: "jadawalin zango na biyu" ya fi "latsa nan" sau goma a jere. Bidiyo yana buƙatar rubutaccen abin da ake faɗa domin kurame.

Matsalar da ta keɓanta da Hausa

Kowane shafi yana ɗauke da alamar harshen da aka rubuta shi da shi, kuma alamar Hausa ita ce "ha". Idan aka bar ta a kan Turanci, manhaja za ta furta Hausar da ƙa'idojin Turanci, sai "ciki" ya koma "siki". Haruffa masu lanƙwasa ma suna da nasu rikicin. Tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ, amma ba kowane salon harafi ne yake ɗauke da su ba, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a gurbinsu. Wasu kuma sukan watsar da lanƙwasar gaba ɗaya. Mai ido yana iya gane ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa" daga yanayin jimla, amma wanda yake karatu da na'urar Braille ko da kunne, harafin da aka rubuta shi zai samu.

Shi kansa Gutenberg bai tsira daga zargi ba. Gab da fitowarsa a 2018, masu kula da wannan fanni a cikin WordPress sun koka cewa makafi da masu aiki da madannai kaɗai suna shan wuya wajen sarrafa shi, kuma wani bincike mai zaman kansa da aka fitar a 2019 ya tabbatar da kurakurai masu yawa, waɗanda aka ci gaba da gyarawa a fitowar da ta biyo baya. Wannan batu ne na daban, domin ya shafi makaho a matsayin magini, ba mai ziyara kawai ba.

Gwajin shafi ba ya buƙatar kuɗi. Ɗalibai suna iya ajiye linzamin kwamfuta a gefe, su bi shafin da madannin Tab kaɗai, su ga ko za su isa kowane mahaɗi kuma su san inda suke. Suna iya ninka girman rubutu su duba ko layuka za su hau kan juna. Daga nan sai a kunna TalkBack a waya, a rufe fuskarta da takarda, a ba wani ɗalibi ya nemo ranar komawa makaranta, sauran 'yan aji suna ƙidaya mintocin da abin zai ɗauke shi.