Kwamfuta cikin kwamfuta: me zai faru idan taswirar RAM ta tsufa?

Manhajoji da dama da ke wayarka sun dogara ne da manyan sabobi, inda inji guda ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo masu yawa, wato VM. Kowace VM baƙuwa ce: RAM ɗin da take amfani da shi aro ne daga mai masaukinta. A Linux, KVM ne ke riƙe taswirar da ke nuna inda kowane shafin RAM na baƙuwar yake.

To amma idan RAM ya cika, kernel na mai masauki kan kwashe shafi ya kai faifai, ya bai wa wani gurbin. Muddin taswirar ba ta sauya ba, baƙuwar za ta iya karanta bayanan wani, ko ta lalata su.

Maganin shi ne MMU notifier, aikin Andrea Arcangeli da ya shiga Linux 2.6.27 a 2008. Kafin kernel ya kwashe shafi, sai ya sanar da KVM ya goge adireshin. Idan baƙuwar ta sake neman shafin, sai a dawo da shi a rubuta sabon adireshi. Hakan na cikin abin da ke hana saƙonninka faɗawa hannun maƙwabci a saba guda.