Injin rotari da zafin Kaduna: yadda ake sanyaya shi

Injin rotari, wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙira aka fara gwada shi a 1957, ba shi da fistin. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa. Kamfanin Mazda na Japan ne ya fi riƙe shi, a motocin RX-7 da RX-8. Duk mai sha'awar sayen irin wannan mota a Kaduna ya sani tun farko cewa babban abokin gabarta zafi ne.

A injin fistin, wuri ɗaya ne mai yake shiga ya ƙone, don haka sabuwar iska tana ɗan sanyaya wurin. A rotari kuwa, ƙonewar kullum a gefen fulogi take, ɗaya gefen da iska ke shiga yana nan da sanyi. Gefe ɗaya na buɗewa fiye da ɗaya, jikin injin ya karkace, robar da ke tare ruwa ta saki. Daga nan sai ruwa ya shiga inda mai ke ƙonewa, kuma gyaran sai an kwance injin gaba ɗaya.

Saboda haka injiniyoyi ke tura ruwa da ƙarfi ta kewayen fulogi, suna kuma yi wa hanyoyinsa tsaga-tsaga domin ya taɓa ƙarfe da yawa ya kwashi zafi. Shi ƙarfen da ke juyawa ruwa ba ya kai gare shi, baƙin mai ake fesa masa ta ciki. Shi ya sa RX-8 ke da ƙaramin lagireto na baƙin mai daban. A motar MX-30 R-EV ta 2023, Mazda ta yi bangon gefen injin da alminiyom, wanda ya fi baƙin ƙarfe saurin fitar da zafi.

A cunkoson titin Ahmadu Bello cikin Maris da Afrilu, fanka kaɗai ke ba lagireto iska, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe shi. A wanke lagireton biyu, a riƙa duba baƙin mai, domin injin yana ƙona kaɗan da gangan. A zuba ruwan sanyaya inji na kanti, ruwan rijiya yana barin tsatsa da ƙasa. Kada bakanike ya cire tamostat. Allurar zafi na hawa, a tsaya a kashe mota.