ILMIN BOKO DA ABIN DA KE CIKIN AKUSHI

Yau maganarmu a kan abinci ce, amma ba na yara ba, na manya, watau ni da ku. Akwai tambayar da a kan yi wa malaman asibiti. A kan ce, shin wanda ya yi makaranta ya fi wanda bai yi ba cin abin da zai gina jikinsa? To, amsar baki biyu gare ta, sai ku saurara har ƙarshe.

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta aika ma'aikata ko'ina cikin Nijeriya, suka shiga gidaje, suka auna mata masu shekara 15 zuwa 49, suka duba jininsu, suka tambaye su abin da suka ci jiya. Aka tarar cikin mata 100, 58 jininsu bai isa ba. Mata 12 cikin 100 sun rame fiye da kima, 28 kuwa jiki ya yi musu yawa. Da aka raba su bisa ga karatu, sai aka ga rama da ƙarancin jini sun fi yawa ga waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Ƙiba kuwa ta bi masu karatu, iyakar zurfin karatu iyakar yawanta. Kun ga ke nan kowane ɓangare da irin tasa cutar.

Bari mu ɗauki misali nan kusa, a Kakau, cikin ƙasar Chikun, bisa hanyar Kaduna zuwa Abuja. A ce wa da ƙane ne. Wan manomi ne, bai yi boko ba. Ƙanen ya yi makaranta, ya sami aikin ofis, kullum ya kan shiga mota ya haye gada zuwa cikin gari.

Wan yana noma masara da dawa da doya da wake da waken soya, matarsa tana da kaji. Amma duba akushinsa. Da safe koko, da rana ɗumame, da dare tuwon masara da miyar kuka tsararo. Ina waken? An kai kasuwa. Ina ƙwan? An sayar wa mai shayi a bakin titi. Cikinsa ya cika, ba ya jin yunwa, don haka ba ya tsammanin akwai abin da ya rasa. Alhali hatsi da doya ƙarfin aiki su ke bayarwa, kamar itace a murhu. Abin da ke gina tsoka ya gyara inda jiki ya lalace yana cikin wake, da gyaɗa, da daddawa, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Abin da ke yin jini kuwa, watau sinadarin ƙarfe, yana cikin hanta da nama da wake da ganye.

Wanda ya fi shan wuya a gidan nan ba maigida ba ne, uwargida ce. Ita ke dafawa, amma ita ce ta ƙarshen ci. In an sami tsoka ɗaya, kwanon maigida ta ke faɗawa. Ga jinin wata, ga ciki, ga goyo, ga aikin gona. Maigida, ka ji wannan da kyau. Mace mai ƙarancin jini in ta zo haihuwa ta zubar da jinin da wata za ta iya jurewa, ita yana iya zama ajalinta. Ba rowa muka ce ka ke yi ba, al'ada ce muka tarar, amma al'adar nan tana cin rayuka.

To, me ya sa karatu ke taimako? Na farko dai, kada mu ruɗi kanmu, kuɗi ne. Mai takarda ya fi samun albashi, mai albashi kuwa yana iya sayen kifi ran da manomi ke jiran kaka. Rabin abin da a ke cewa amfanin ilmi, amfanin aljihu ne. Amma ba duka ba. Macen da ta yi karatu ta fi zuwa awo, a can a ke ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Tana iya karanta abin da aka rubuta a jikin leda. Tun 1993 doka ta ce a sa sinadarin aidin cikin gishirin da a ke sayarwa, don hana maƙoƙo. Tun 2002 kuma aka wajabta sa bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki na kamfani, har a kan buga hoton ido a jikin kayan don a gane. Wadda ta san wannan ita ke dubawa kafin ta biya. Sa'an nan kuma ta fi iya buɗe baki ta ce, “Maigida, a bar mana mudu biyu na waken nan.”

Yanzu mu leƙa wajen ƙanen. Shi ba ya rasa nama. Amma da safe shayi ne da sukari cokali huɗu da farin burodi, da rana farar shinkafa da kwalbar lemo, da dare taliyar leda. Fura da dambu da fate ya bar wa mutanen ƙauye, wai shi ya waye. Yini ya ke zaune a kujera, ko garma bai ƙara riƙewa ba. Ciki ya fito, 'yan'uwa suna cewa ya ji daɗi. Ba daɗi ba ne, hanyar hawan jini ce da ciwon sukari, kuma cututtukan nan biyu su kan yi shekaru suna ɓarna ba tare da mutum ya ji ciwon kome ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne, ga shi a kan jefa huɗu ko biyar a tukunya, a kuma ƙara gishiri a kai. Sukari kuma kada ya wuce misalin cokalin shayi 12 a yini, in an rage ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da takwas ko tara. Malamin nan ya iya lissafi a ofis, amma bai taɓa yin wannan ba.

Ga wata hanya mai sauƙi ta auna kanka, ba ta bukatar alƙalami. Masana sun kasa abinci gida goma: hatsi da doya da rogo, wake, gyaɗa da riɗi, nono, nama da kifi, ƙwai, ganye kore shar, kayan lambu masu launin ja-ja a ciki kamar kabewa da karas da mangwaro da gwanda, sauran kayan miya, sauran 'ya'yan itace. Da dare ka ƙirga da yatsunka gida nawa ka taɓa yau. A na so a kai biyar. Don mata aka tsara ma'aunin, amma namiji ma ya gwada ba laifi. A binciken nan na 2018, mata 56 cikin 100 ne suka kai, masu karatu kuwa sun fi kaiwa.

Amma biyar ɗin nan ba sai da albashi ba. Tuwon dawa ɗaya. Miyar zogale ko rama ko alayyafo, biyu. A daka ƙuli-ƙuli a ciki, uku. Ƙosai ko awara da safe, huɗu. Goba ko lemon zaƙi, biyar. Duk a bayan gida su ke, ko a kasuwar ƙauye. In an sami ɗan manja a miya, ya ƙara, gama yana taimakon ido.

Sauran 'yan dabarun na madafa ne. Kada a dafa ganye har ya mutu, a zuba shi daga ƙarshe. A rage kanwa, domin tana kashe waɗansu bitamin. Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, saboda haka a bar kamar sa'a guda tsakaninsa da abinci, musamman mai ciki. Lemon tsami da tumatir da goba kuwa taimaka wa tsotsewar su ke yi, a ci su tare da tuwon.

Tun da ka zo ɗakin shan magani yau, kada ka koma da ƙwayar zazzaɓi kaɗai. Ka roƙi malam ya ja fatar idonka ta ƙasa ya duba, in ta yi fari fat, a gwada jininka. In ka kai shekara arba'in, ko ka ga jiki yana ta ƙaruwa, ka ce a ɗaura maka awon hawan jini. In kuwa matarka tana da ciki, ka kawo ta awo tun watannin farko, ka kuma lura ko tana shan ƙwayoyin da aka ba ta. Waɗansu su kan bari don bayan gidansu ya yi baƙi. Wannan ba cuta ba ce, alamar maganin ce, ta ci gaba da sha.