Lissafin Da Maigida Ya Tafi Da Shi Kabari

Bara waccan, bayan an yanke gero, wata uwa ta zo makarantarmu ta ce za ta cire yaranta biyu. Na tambaye ta dalili. Ta ce mijinta ya rasu da damina, ko mako bai cika ba masu bin bashi suka fara sallama a ƙofar gida. Wani ya ce buhu goma na dawa yake bi, wani ya ce an jinginar masa da gonar fadama, wani kuma ya taso daga kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, wai akwai sauran kuɗin bijimin huɗa. Ko ɗaya ba ta sani ba. Marigayin mutumin kirki ne, amma duk lissafinsa a ka yake, ya kuwa tafi da shi.

Ya ku masu karatu, ga abin da ya kamata kowace mata ta sani. Dukiyar mamaci ce take biyan bashinsa, kuma sai an biya kafin a raba gado. In dukiyar ta ƙare bashi bai ƙare ba, ba a tilasta wa matarsa ko 'ya'yansa su cika daga aljihunsu, sai fa in sun tsaya masa lokacin da ya karɓa. Gonar da aka jinginar kuwa ba sayarwa aka yi ba. Ko shekara ashirin ta yi a hannun wani, magada suna da ikon fansarta. Amma ina shaida? Nan ne rigima take tashi, gama wanda ya daɗe yana noma gona yakan manta ba tasa ba ce.

Wasu dattawanmu na cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Ni dai ban taɓa ganin wanda alƙalami ya kashe ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da rabon da shari'arsu ta yanka wa kowane magaji, wasiyyarsu ma ba ta wuce sulusi. Mu kuwa, in mutum ya tafi bai bar takarda ba, sau da yawa al'adar dangi ce take yanke magana, al'ada kuma takan fi jin muryar ƙanen miji bisa ta gwauruwa. A shekarar 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar Ibo da take hana 'ya mace gadon ubanta. To, amma uban ya rasu tun 1981. Wace gwauruwa ce a ƙauyukan Birnin Kudu za ta iya jiran shekara talatin da uku?

Ka'idar wasiyya ba ta da wuya, asalinta daga dokar Ingila ta 1837 ne. A rubuta ta, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a wuri ɗaya, su ma su sa hannu yana gani. A kula: wanda aka bar wa wani abu a ciki, ko matarsa, kada ya zama shaida, don zai rasa rabonsa. Ka kira dattijon ikkilisiya da wani maƙwabci. In da hali a nuna wa lauya, a ajiye ta a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun Jiha.

Ma'aikata kuma kada su ruɗi kansu. Sunan da ka rubuta a banki a matsayin ɗan'uwa mafi kusa bai mai da shi magaji ba. In babu wasiyya, sai iyali sun samo takardar izinin kula da gado daga kotu kafin banki ya saki kuɗin.

Akwai kuma wanda bashi ya ci ƙarfinsa tun yana da rai. Nijeriya tana da dokar karayar arziki tun 1979, Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron irin wannan ƙara. Dokar ta sa bashin naira 2,000 ya isa a kai mutum, kuɗin da yau ba su sayen kaza. Kotu takan tattara abin da ya mallaka ta raba wa masu binsa, ta bar masa kayan sana'arsa da tufafi da shimfiɗa. Muddin ba a sallame shi ba, Tsarin Mulki na 1999 ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna. Da wuya manomi ya kai nan, ya fi masa sauƙi ya tara masu binsa gaban mai unguwa, ya faɗi gaskiyar abin da ya rage, a yanka masa lokacin biya, a rubuta. Abin da yake kashe gida shi ne cin sabon bashi a ɓoye don rufe tsohon.

Ita uwar nan, dattawa sun zauna da masu bin bashin har sau uku. Mai dawa ya kasa kawo shaida, ya sauko zuwa buhu huɗu. An sayar da bijimin aka biya mutumin Sara. Gonar fadama tana nan a hannun mai jingina. Ƙaramin yaron ya dawo aji, babban yana kiwon awakin wani.