Dabarun Ɗaukar 'Yan Wasa a Tsakiyar Kaka a Gasar Fantasi ta Ƙwallon Kwando

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗaliban wannan sashe sun san gasar fantasi ta ƙwallon ƙafa, wadda ake ginawa a kan Firimiyar Ingila, amma kaɗan ne suka san cewa akwai irinta a ƙwallon kwandon Amurka, wato gasar NBA. Ina daga cikin masu yin ta tare da wasu abokan karatu, don nishaɗi da gwada basira, ba tare da an sa kuɗi ba. Manufar wannan maƙala ita ce yin bayani a kan yadda ake ɗaukar sababbin 'yan wasa a tsakiyar kaka, daga watan Disamba zuwa Fabrairu, da kuma yadda mutum zai tsara ƙungiyarsa domin ta kai labari. Da yake yawancin kalmomin wannan wasa ba su zauna a Hausa ba tukuna, na yi ƙoƙarin samar musu da sunaye, na kuma bar wa masu karatu su auna dacewarsu.

Yadda gasar take

Fantasi ƙagaggiyar gasa ce, kamar yadda muke cewa ƙagaggen labari. Ƙungiyar da kake riƙe da ita a kwamfuta ko waya kawai take, amma 'yan wasanta na gaske ne, kuma duk abin da suka yi a fili shi za a rubuta maka. Wani marubuci mai suna Daniel Okrent da abokansa ne suka tsara wannan salo a birnin New York a shekarar 1980, a kan wasan besbol. Daga baya ya bazu zuwa sauran wasanni, sannan zuwan intanet ya sa kamfanoni irin su Yahoo da ESPN suka ɗauke wa mutane wahalar lissafi.

A tsarin da ya fi yaɗuwa, mutum 12 ne ke haɗuwa, kowa ya zaɓi 'yan wasa 13 kafin kaka ta fara a watan Oktoba. Kowane mako za a haɗa ka da mutum ɗaya, a gwada ku a fannoni tara. Fannonin su ne: maki, cafka, wato kama ƙwallo bayan an jefa ba ta shiga ba, miƙo, wato ba abokin wasa ƙwallon da ya ci da ita, ƙwace, tarewa, wato doke ƙwallo a sama kafin ta kai kwando, jifa mai maki uku, kason jifan da ya shiga, kason jifan kyauta, wanda ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta, sai kuma ɓarar da ƙwallo, wanda shi mai kaɗan ne ke cin nasara a cikinsa. Wanda ya rinjayi abokin karawarsa a fannoni biyar ko fiye, shi ya ci makon.

To, ga inda zancen yake. NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana iya riƙe 'yan wasa 15 masu cikakken kwantiragi, wato kimanin 450 ke nan. Mu kuwa 156 kawai muka zaɓa. Sauran, kusan 300, suna nan ba su da ubangida. Wurin da ake ajiye sunayensu shi zan kira kasuwar saura. Kowace ƙungiya tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma a cikin waɗannan watanni ana jin rauni, ana musayar 'yan wasa, masu horarwa suna sauya tsari. Saboda haka ƙungiyar da ka zaɓa a Oktoba ba za ta kai ka Afrilu yadda take ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Minti shi ne jari

Abu na farko da nake dubawa kafin in ɗauki ɗan wasa shi ne yawan mintin da ake ba shi. Wasan NBA minti 48 ne, kuma mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, wanda ke nufin minti 240 ne mai horarwa yake rabawa a kowane dare. Wannan adadi ba ya ƙaruwa, sai fa idan an yi kunnen doki an shiga ƙarin lokaci. Idan babban ɗan wasa mai buga minti 35 ya ji rauni, mintocinsa ba sa ɓacewa, wani ne zai gaje su. Aikinka shi ne ka gano magajin kafin sauran mutum 11 su gano shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Precious Achiuwa, wanda aka haifa a Fatakwal. A ƙarshen Disamba 2023 ƙungiyar Toronto ta miƙa shi ga New York Knicks tare da OG Anunoby, kuma da farko daga benci yake shigowa. A ƙarshen Janairu 2024 Julius Randle ya gurɗe a kafaɗa, Anunoby ya sami matsala a gwiwar hannu, ga shi dama Mitchell Robinson yana jinya tun Disamba. Nan take Achiuwa ya shiga cikin biyar na farko, har ya buga fiye da minti 40 a wasanni da dama cikin watan Fabrairu, yana tara cafka da tarewa. Ƙwarewarsa ba ta sauya cikin mako guda ba. Damar da ya samu ce ta sauya. Da masu rauni suka fara dawowa, mintocinsa suka ragu. Wannan ya nuna cewa irin wannan ɗan wasa aro ne, kuma mai hikima yakan san ranar da zai mayar da kayan aro.

Haka kuma a sa ido a kan ranar rufe musayar 'yan wasa, wadda ke zuwa a watan Fabrairu. Duk musayar da aka yi tana buɗe gurbi a ƙungiyar da aka bari, tana kuma iya rage wa wani minti a ƙungiyar da aka koma. Masu kallo sukan bi babban sunan da ya tafi, amma mai fantasi ya kamata ya tambayi wanda zai cike gurbinsa.

Dare ɗaya ba ya zama hujja

A ranar 3 ga Afrilu 2024, Malachi Flynn na Detroit ya shigo daga benci ya ci maki 50 a wasansu da Atlanta. Matsakaicin makinsa a wannan kaka bai kai 6 ba, kuma a wasan da ya biyo baya maki 3 kawai ya samu. Duk wanda ya saki ɗan wasa mai amfani domin ya ɗauko shi, ya saki reshe ya kama ganye.

A kwatanta wannan da labarin Jeremy Lin. Ƙungiyoyi biyu, Golden State da Houston, sun sallame shi a Disamba 2011, sannan ya zauna a bencin Knicks ba a kula shi. A ranar 4 ga Fabrairu 2012 ya ci maki 25 a wasansu da Nets, ranar 10 ga wata kuma ya ci 38 a wasansu da Lakers. Bambancinsa da Flynn shi ne, a lokacin Knicks ba ta da tsayayyen mai rarraba ƙwallo, don haka mai horarwa Mike D'Antoni ya damƙa masa ragamar ƙungiyar, ya riƙa buga mafi yawan mintocin kowane wasa. Wanda ya ɗauke shi a makon farko ya more shi har zuwa ƙarshen Maris, lokacin da ciwon gwiwa ya tsayar da shi.

Saboda haka akwai tambayoyi uku da nake yi idan wani ya haskaka ba zato. Shin mintocinsa sun ƙaru, ko kuwa sa'ar jifa ce kawai ya yi? Me ya jawo ƙaruwar? Har yaushe wannan dalili zai ɗore? Idan amsoshin sun gamsar, kada a jira, domin a kasuwar saura mai jinkiri ba ya samun na kirki.

Ka san abin da ƙungiyarka take buƙata

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne bin maki kaɗai, alhali maki fanni ɗaya ne cikin tara. Zuwa tsakiyar kaka an riga an buga makonni takwas ko goma, kuma wannan ya isa mutum ya ga inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Ina ba da shawarar a kasa fannonin gida uku: waɗanda kake ci kusan kullum, waɗanda kake faɗuwa kusan kullum, da waɗanda ake kai ruwa rana a kansu. Sabon ɗan wasa ya kamata ya zo ne domin kashi na ukun, saboda nan ne ƙaramin ƙari yake juya sakamako.

Ƙwace da tarewa su ne fannonin da mutum ɗaya zai iya sauyawa, domin adadinsu kaɗan ne. Hassan Whiteside ya shiga Miami Heat a Nuwamba 2014 bayan ya yi wasa a ƙasashen waje, kusan babu wanda ya zaɓe shi a farkon kaka. A ranar 25 ga Janairu 2015 ya sami maki 14, cafka 13 da tarewa 12 a wasansu da Chicago. Tarewa 12 a dare guda tana iya ci wa mutum wannan fanni na mako ɗungurungum. Haka nan Daniel Gafford, bayan ya koma Dallas daga Washington a Fabrairu 2024, ya jefa ƙwallo sau 33 a jere ba tare da kuskure ba. Irinsa ba ya cin maki masu yawa, amma yana ɗaga kason jifan ƙungiya.

Game da fannonin kaso, a lura da yawan jifa, kada a tsaya ga kason kaɗai. Wanda yake cin kashi 90 na jifan kyauta amma sau ɗaya yake jefawa a wasa, tasirinsa kaɗan ne. Giannis Antetokounmpo, ɗan ƙasar Girka wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a kakar 2022 zuwa 2023 yana jifan kyauta fiye da sau 10 a kowane wasa, kimanin kashi 65 ne kuma ke shiga. Wanda yake da shi zai sha wuya kafin ya ci wannan fanni. A nan ne dabarar sadaukarwa take shigowa: ka haƙura da jifan kyauta gaba ɗaya, ka tara dogaye masu cafka da tarewa, tunda biyar cikin tara kake nema. Sai dai kada a sadaukar da fiye da fanni biyu, domin idan aka bar uku, kuskure kaɗan ne zai kayar da mutum.

Jadawali

Ƙungiyoyin NBA ba sa buga adadi ɗaya a mako. Wata ta buga huɗu, wata uku, wata biyu. Ɗan wasa mai maki 12 da zai buga sau huɗu zai kawo 48, mai maki 18 da zai buga sau biyu kuwa 36 zai kawo. Wannan ne ya sa ƙwararru suke ware gurbi ɗaya ko biyu a ƙarshen ƙungiya domin shiga da fita, suna sauya mai riƙe da gurbin gwargwadon jadawali.

Amma yawan wasa kaɗai bai isa ba. A mafi yawan gasanni mutum 10 ne kawai za ka iya sakawa a kowace rana, sauran suna benci ba a lissafa musu komai. A bisa al'ada Laraba da Juma'a sun fi cunkoson wasanni, Talata da Alhamis kuma ba su da yawa. Ɗan wasan da ƙungiyarsa ke bugawa a ranakun da ba cunkoso ya fi amfani, domin akwai gurbin da za a sa shi. Bugu da ƙari, wasu gasanni suna ƙayyade sau nawa za a ɗauki sabon mutum a mako, alal misali sau huɗu. Yana da kyau a ajiye ɗaya zuwa Asabar ko Lahadi, lokacin da za a ga fannin da ya rage ƙiris.

Mu da muke Nijeriya muna da ƙarin abin lura. Wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York a lokacin sanyi, ƙarfe 1 na dare ne a nan. Labarin wanda ba zai buga ba yakan fito sa'o'i kaɗan kafin wasa, don haka a duba ƙungiya kafin a kwanta. Minti goma sun wadatar, babu dalilin da zai sa ɗalibi ya kwana yana kallon alƙaluma ya makara lacca.

Wa za a saki?

Ba a ɗaukar sabo sai an saki wani, kuma a nan ne zuciya take yaudarar mutum. Za ka ga an riƙe ɗan wasa wata biyu ba ya yin komai, don kawai an zaɓe shi da wuri a Oktoba ko don sunansa babba ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce in tambayi kaina: da a ce yau yana kasuwar saura, zan ɗauke shi? Idan amsar a'a ce, lokacin rabuwa ya yi. Wannan bai shafi gwanin da har yanzu yake samun mintocinsa amma jifansa ya ƙi shiga na 'yan makonni ba. Irin wannan haƙuri ake yi da shi, har ma akan nemi musayarsa da araha daga wanda ya gaji da shi.

Mai rauni kuwa, a sa shi a gurbin jinya idan gasar ta tanade shi. Idan gurbin ya cika, matsayinka a tebur ne zai yanke hukunci. Wanda yake sama yana iya jiran gwani har ya warke. Wanda yake fafutukar shiga zagayen ƙarshe, wanda yawanci ake yi a watan Maris, ba shi da wannan sararin, domin ɗan wasan da zai dawo bayan an fitar da kai ba shi da amfani a gare ka. A kuma tuna cewa a ƙarshen kaka ƙungiyoyin da suka fid da rai sukan hutar da manyansu su ba matasa dama, don haka daga Fabrairu a fara lura da matasan irin waɗannan ƙungiyoyi.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗaukar ɗan wasa a tsakiyar kaka ya dogara ne a kan abubuwa uku: mintocin da yake samu da dalilin samunsu, fannin da ƙungiyarka take buƙata, da kuma ranakun da zai buga. Zaɓen Oktoba yana da muhimmanci, amma mai bibiyar kasuwar saura a kai a kai yakan wuce wanda ya zaɓi gwanaye ya kwanta barci. Ina fata 'yan'uwana ɗalibai za su gwada wannan wasa, su kuma duba kalmomin da na kawo, irin su cafka da miƙo da tarewa. Wanda yake da waɗanda suka fi su dacewa, ya aiko da su domin fitowa ta gaba.