Hutun "Komai a Ciki": Me Munduwar Roba ke Saya a Gaɓar Gambiya?

A watan Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, a Stockholm kuwa tun wajen ƙarfe uku. Mutum ya fita aiki da duhu, ya dawo da duhu, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Shi ya sa da hunturu ya kankama sai ka ga Turawa, abokan aiki ko tsoffin 'yan makaranta su biyar su shida, sun haɗa jaka sun nufi inda rana take. A Afirka ta Yamma, Gambiya ce ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi. Tafiyar kamar awa shida ce daga Ingila, agogonsu ɗaya a lokacin sanyi, Turanci ne harshen hukuma, kuma daga Nuwamba har zuwa Mayu da wuya a ga ɗigon ruwan sama. Harkar ta faro ne a 1965, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai, lokacin da wani ɗan Suwidin mai suna Bertil Harding ya kawo ayarin farko na mutanen ƙasarsa. Yau otal-otal sun jeru a Kotu da Kololi da Bijilo, suna fuskantar tekun Atlantika.

Da yawan masu zuwa suna sayen hutun da ake ce wa "komai a ciki". Tun kana gida za ka biya kuɗi dunƙule guda, wanda ya haɗa jirgi, motar ɗauko ka daga filin jirgi, ɗaki, abinci sau uku da abin taɓawa a tsakani, abin sha, da wasannin dare. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani ɗan Beljiyam, Gérard Blitz, shi ya kafa Club Med a 1950 a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifen, inda baƙi ke kwana a tantunan soja suna cin abinci a teburi ɗaya. A 1981 Gordon Stewart ya buɗe Sandals a Montego Bay ta Jamaika, ya mai da abin na ƙasaita.

Kana isa otal, ma'aikacin da ke karɓar baƙi zai ɗaura maka wata siririyar munduwa ta roba a wuyan hannu, wadda ba ta ciruwa sai an sa almakashi. Da ita za ka yi wanka, da ita za ka kwana. Ita ce walat ɗinka har ranar tafiya. A ɗakin cin abinci ba mai tambayarka kuɗi: manyan farantai ne jere a kan tebur, shinkafa, soyayyen dankali, taliya, gasasshen kifi, kankana da gwanda, ka ɗiba ka koma ka ƙara. Mai zuba lemo hannunka kawai yake kallo, ba fuskarka ba.

Ga tafiyar abokai, wannan tsari yana da fa'idar da ba a cika faɗa ba. Abin da ya fi raba abokan tafiya shi ne lissafi: wa ya biya jiya, wa ya ci nama mai tsada, wa ya shiga banɗaki daidai lokacin da aka kawo takardar kuɗi. A cikin abokai dole akwai mai ƙarfi da mai rauni, kuma mai raunin ba zai faɗa ba. Idan kowa ya biya nasa tun a gida, an rufa wa juna asiri, babu mai jin nauyin wani.

Amma "komai" ɗin nan yana da iyaka, kuma iyakar tana cikin ƙananan rubutun da mutane ba sa karantawa. Galibi abin shan da aka shigo da shi daga waje, tausa, hawa babur ɗin ruwa, da fita yawon ganin gari duk da kuɗinsu daban. Farashin da ake tallatawa na mutum biyu ne a ɗaki ɗaya, don haka idan ku biyar ne, na biyar ɗin zai biya ƙari don ya kwana shi kaɗai, kuma gara a warware wannan kafin a tashi. Sai kuma batun giya. An yi wa kowa kuɗin goro, wanda ke nufin mai shan ruwa da lemo yana taya mai shan barasa biya. Wanda ba ya sha, sau da yawa ya fi riba ya ɗauki tsarin ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai.

Babbar tambaya ita ce ina kuɗin ke tafiya. An biya su a Landan ko Amsterdam. Kamfanin shirya tafiya ya cire nasa, jirgi ya cire nasa, abin da ya rage ya zo otal, wanda shi ma wani ɓangare na kayan abincinsa daga waje yake shigo da su. Baƙon da ya riga ya biya abincin rana ba shi da dalilin fita daga katanga ya saya a wani wuri. A bakin tekun Kotu akwai mata masu sayar da 'ya'yan itace da samari masu matse lemo a 'yan rumfunan katako, su yanka abarba su matse lemon zaƙi a gabanka. Suna ganin munduwa a hannun baƙo sun san ciniki ya yi wuya. Haka mai tasi, haka mai gidan abinci a layin Senegambiya na Kololi, haka mai sassaƙa a kasuwar kayan hannu. Koke-koken nan ne suka sa gwamnatin Gambiya ta haramta tsarin a 1999, sai dai ba a jima ba ta janye, saboda kamfanonin Turai su ke riƙe da jiragen, kuma suna da wasu gaɓoɓin da za su karkata baƙi.

Ba zan ce otal-otal ɗin ba su da amfani ba. Suna ɗaukar masu dafa abinci, masu share ɗakuna, masu gadi da makaɗa, kuma baƙon da ya san abin da zai kashe tun daga gida ya fi saurin yanke shawarar zuwa. Illar ita ce ƙasa ta rataya rayuwarta a wuyan kamfanoni biyu ko uku. An ga haka a watan Satumba na 2019 da Thomas Cook, kamfanin da ya samo asali tun 1841, ya durƙushe ana dab da buɗe kakar baƙi, alhali yana cikin manyan masu kawo wa Gambiya mutane. Kafin a farfaɗo, annobar korona ta rufe komai a 2020.

Abokan da suka kwashe mako guda tsakanin ɗaki da wurin ninƙaya sun huta, amma ba su ga Gambiya ba. Tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Kololi za ta kai su Tanji, inda da yamma kwale-kwale masu fenti kala-kala ke dawowa daga teku, matasa su shiga ruwa har ƙirji su ɗauko kifi a robobi bisa kai, hayaƙin gidajen banda ya turnuƙe gaɓar. A Bakau akwai tafkin kadoji na Kachikally. Can cikin kogin Gambiya akwai tsibirin Kunta Kinteh, inda aka tsare bayi kafin a haye da su teku, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Farantin domoda, miyar gyaɗa da shinkafa, a hannun mai tuwo a Serekunda ba shi da tsada, kuma kuɗin a hannunta suke tsayawa.

Ɗan Najeriya ko ɗan Gana ba ya buƙatar biza don shiga Gambiya, tunda duk 'yan ECOWAS ne, sai dai ya riƙe katinsa na rigakafin shawara. Teku kuma ba tafki ba ce: igiyar Atlantika a wannan gaɓar tana da ja, idan aka kafa jan tuta a bakin ruwa, ko gwanin iyo sai ya haƙura ya koma wurin ninƙayar otal.